Mu tura ƴaƴanmu karatun fadama tun ba a raba ta babu mu ba

Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san cewa damina ba ta nuna gwanin kiwo, domin kuwa da damina ko yaro ƙarami zai iya ƙosar da garke. Ana gane wanda zai fita da dukiyarsa ne a watannin bazara, daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin da tudu ya zama ƙura, rijiya ta yi nisa, saniya ta fara kwanciya sai an ɗaga ta. A wannan lokaci abin da ke riƙe da ran dabba shi ne fadama da bakin gulbi da gefen tafki, wato duk wurin da ruwa ya kwanta da kaka ya janye da rani ya bar ɗanyar ciyawa a bayansa. Manomi yana da rumbunsa a tsakar gida, shi kuwa makiyayi fadama ce rumbunsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zamanin nan makomar wannan rumbu a kan takarda ake yanke ta. Kafin a gina madatsar ruwa, kafin a yanka fadama a mai da ita gonar shinkafa, kafin a ce wannan wuri gandun daji ne, sai an aiki masana sun je sun auna sun rubuta rahoto. Abin da suka rubuta shi minista yake karantawa, shi masu ba da rancen kuɗi suke dubawa. Abin da ba su rubuta ba kuwa tamkar babu shi ne a duniya. Su waɗannan masana ilimin halittu masu rai suka karanta, suka ƙware a kan rayuwar fadama: ruwanta da ciyawarta da kifinta da tsuntsayenta da dabbobin da ke shiga cikinta. Wannan sana'a ce ta cin abinci kamar likitancin dabbobi, tana da makarantunta da ma'aikatunta. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da makiyaya za su zaɓi wasu daga cikin ƴaƴansu su tura su wannan karatu da gangan, su kuma ɗauki nauyinsu har su gama.

Abin da ya faru a Yayre

Bari in fara da labarin da wasu daga cikin dattawanmu suka gani da idonsu. A can ƙarshen arewacin Kamaru akwai babbar fadamar kogin Lagon, wadda Fulani suke kira Yayre. Duk shekara idan kogin ya cika ya tumbatsa, ruwa yakan malale ya rufe ƙasa iyakar ganin ido. Idan ya janye wajen Nuwamba da Disamba sai garkuna su shigo, na Fulani da na Larabawan Shuwa da na Musgum, daga Kamaru da Najeriya har da Nijar. Shanun da ke cin rani a can sun haura 200,000.

A shekarar 1979 hukumar noman shinkafa ta SEMRY ta gina madatsar Maga, aka kuma ɗaga doguwar ganuwar ƙasa a gefen kogin don kare gonaki. Wannan aiki ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga fadama, kuma ya zo daidai da shekarun fari. Sai ga fili mai faɗin kusan hekta 150,000 ya daina samun ruwa kamar da. Abin da ya biyo baya makiyaya ne suka fara ganinsa. Ciyawa mai saiwa mai zurfi, irin su roba da shinkafar daji, wadda ke tohowa bayan an sa wuta ta riƙe shanu har bazara, ta mutu a hankali. Wurinta ya koma na ciyawar damina mai fita daga iri, wadda da ta bushe shi ke nan sai baɗi. Kifi ya ragu, namun dajin gandun Waza suka ragu, masunta suka watse, makiyaya suka matsu a ɗan abin da ya saura, wasu kuma suka sauya hanya gaba ɗaya.

Makiyaya sun yi kuka, amma kukan bai buɗe ganuwa ba. Abin da ya buɗe ta shi ne aikin awo. An kafa wani furoje mai suna Waza-Lagon tare da ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN da gwamnatin Kamaru da masana daga Holan. Suka shiga fadamar suka auna zurfin ruwa wuri-wuri, suka rubuta irin ciyawar da ke kowane wuri, suka ƙidaya mashekarai da garkuna, suka zauna da masunta da makiyaya da sarakuna. Da aka buga lissafi sai aka tarar hasarar da rashin ruwan nan ke jawo wa jama'a ta fi dalar Amurka miliyan 2 a kowace shekara, wato fiye da sefa miliyar ɗaya. A shekarar 1994 aka fasa ganuwar a bakin wani ƙaramin reshe mai suna Petit Goroma, ruwa ya koma ya rufe kusan hekta 18,000 da suka yi shekara 15 a bushe. A 1997 aka sake buɗe wata kafa ta biyu.

Su masanan ba su tafi gida ba bayan an buɗe ruwa. Kowace shekara sukan koma wurare guda, su bi layi guda, su rubuta abin da ya tsira. Ɗaya daga cikinsu, Paul Scholte, ya yi shekaru yana wannan aiki. Sun ga ciyawa mai saiwa tana dawowa kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara, har cikin kimanin shekara goma ta kusa rufe wurin. Sun ga yawan shanun da ke kiwo a yankin ya haura ninki biyu tsakanin 1993 da 1999, kuma duk da haka ba su ga alamar cewa kiwon ya lalata ciyawar ba. Wannan magana ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau, ƴan uwa. An daɗe ana cewa makiyayi shi ke kashe ƙasa, sai ga awo na shekara da shekaru ya nuna cewa a Yayre rashin ruwa ne ya kashe ciyawa, kuma da ruwa ya dawo ciyawa ta dawo alhali shanu suna ƙaruwa a kanta. Ko da makiyayi ya rantse sau dubu a gaban hukuma ba za a karɓi wannan magana daga bakinsa ba kamar yadda aka karɓe ta daga takardar mai awo.

Gaskiya ne abin da aka mayar bai kai abin da aka ƙwace ba, kuma shigar shanu cikin gandun Waza bai tsaya ba. Amma an tabbatar da abu guda: fadamar da ta mutu tana iya farfaɗowa, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan.

Lissafin da aka manta saniya a ciki

Misali na biyu ya fi kusa da mutanen Diffa. Kogin Komadugu Yobe da ke raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa tafkin Chadi, ruwansa daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake zuwa, bayan ya ratsa babbar fadamar Haɗeja da Nguru. A 1974 aka gama madatsar Tiga a ƙasar Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. Fadamar da a shekarun baya ruwa kan rufe wajen hekta 200,000 nata, sai ta koma ba ta samun ko rabin haka a shekaru da dama. Bugu da ƙari, da yake madatsun suna sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa. Wannan shi ne abin da kacalla take so. Ta cika hanyoyin ta toshe su, ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya kwanta inda ba a bukata, ta zama gidan jan-baki mai cinye gero da shinkafa, saniya kuma ba ta samun abin kirki a jikinta in ta tsufa.

A can ma an kafa furoje na kula da fadamar a 1987, kuma masana sun yi aiki mai kyau. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta amfanin ruwa idan an bar shi ya malala cikin fadama da amfaninsa idan an tare shi don noman rani na gwamnati a Kano. Sun tarar cewa kowane ma'auni na ruwa ya fi kawo amfani a fadama ninki da yawa. Wannan lissafi ya zama makami a hannun masu adawa da gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda har yanzu ba a kammala ba.

To amma a nan gizo ke saƙa. Abin da suka sa cikin lissafin shi ne noma da su da itacen wuta. Kiwo bai shiga ba. Su da kansu sun faɗa cewa akwai sauran amfani da ba su ƙidaya ba, har da kiwon dabbobi. Ba ƙiyayya ce ta sa haka ba. Gona tana zaune wuri guda, ana iya auna ta da igiya, buhun shinkafa yana hawa sikeli. Garke kuwa yau yana nan, jibi ya tsallake iyaka, mai shi kuma in baƙo ya tambaye shi yawan shanunsa sai ya tuna jangali ya rage kashi biyu cikin uku. Wanda zai iya shigar da saniya cikin irin wannan lissafi sai wanda ya san hanyar garke, ya san yaren masu garke, su kuma suka yarda da shi. Daga cikin waɗanda suka tsara littafin da aka buga a kan wannan fadama a 1993 akwai masani ɗan arewacin Najeriya, Dokta Muhtari Aminu-Kano, wanda daga baya ya shugabanci gidauniyar kare muhalli ta Najeriya. Ke nan ba aikin Turawa kaɗai ba ne. Abin tambaya shi ne, ɗan ruga nawa ne a cikin masu wannan aiki?

Mene ne aikin nasu

Wani zai ce, to shi wannan masanin fadama me yake yi da safe in ya tashi? Yawancin aikinsa a cikin taɓo da kwalekwale yake. Yana kafa sanda mai lamba a bakin ruwa, a riƙa rubuta masa hawan ruwa da saukarsa kullum. Yana yanke ciyawar da ke cikin mita ɗaya murabba'i, ya shanya ta, ya auna nauyinta, daga nan ya lissafa abin da hekta guda za ta ciyar da kuma kwana nawa. Yana tona saiwa ya ga ƙarfinta, domin ƙarfin saiwa shi ke nuna irin tohon da za a samu bayan wuta. Yana kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na bana da na shekaru 30 da suka wuce ya nuna inda ruwa ya janye da inda gona ta ci burtali. Yana tsintar katantanwar ruwa ya duba ta, domin ta cikinta tsutsar hanta ke bi kafin ta shiga saniya, kuma ta cikin wani irinta tsargiya ke bi ta shiga yaran da ke wanka. Yana ƙidaya tsuntsaye a watan Janairu, yana duba kamun masunta. Bayan wannan duka sai ya zauna ya faɗa wa mai riƙe da makullin madatsa: ka saki ruwa kaza, a wata kaza, na kwana kaza, in ana so ciyawa da kifi su rayu.

Akwai kuma ɓangaren gyara da hannu. A ƙasar Mali, a babbar fadamar kogin Kwara ta Masina, dukiyar makiyayi ita ce burgu, ciyawar da ke tashi tare da ruwa har ta yi tsawon mita da yawa, in ruwa ya janye ta kwanta shanu su ci ta wata da watanni. Tun zamanin Shehu Amadu na Hamdallahi, wanda ya kafa mulkinsa a 1818, aka tsara wanda ke kula da kowane filin burgu da layin da garkuna za su bi su shiga. Farin 1973 da na 1984 sun kashe burgu a wurare masu yawa. Abin da ya dawo da ita shi ne haɗin gwiwar makiyaya da ma'aikata: a yanko karanta a dasa a cikin taɓo daidai zurfin ruwan da take so, ko a watsa a sa shanu su tattake ta ta shiga ƙasa, sa'an nan a hana shiga har ta kama. A yau akwai mutanen da ke noman burgu suna sayar da ita dami-dami. Mu ma a Nijar, daga Tillaberi zuwa Gaya, filayen burgu da yawa sun koma gonakin shinkafa. Wanda ya san inda za a iya dawo da ita da yadda za a yi, ya san abin da ya fi buhunan dusa ɗari.

Ranar da rashin awo ya zama jini

Kada a ɗauka wannan zancen ciyawa ne kurum. A wannan fadama ta Lagon, masunta sun daɗe suna haƙa magudanai da ramuka don tare kifi lokacin da ruwa ke janyewa, kuma yawansu ya ƙaru ƙwarai a shekarun baya. Shi masunci abincin iyalinsa yake nema, ba ya nufin kowa da sharri. Amma saniya in ta faɗa cikin taɓon ramin sai ta karye ko ta mutu. A watan Agusta da kuma Disamba na 2021, rikici ya ɓarke a yankin Lagon-Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum. An kashe mutane gommai, an ƙone ƙauyuka fiye da ɗari, dubban mutane suka tsallake kogi suka gudu Chadi, yawancinsu mata da yara.

Ban ce masanin fadama zai hana faɗa shi kaɗai ba, akwai aikin sarakuna da alƙalai da hukuma. Amma sulhu a kan ruwa yana bukatar wanda zai zo da taswira ya ce ga inda za a haƙa ba tare da an tare hanyar shanu ba, ga mashayar da za a bari, ga watan da kifi ke sauka, ga watan da garke ke shigowa. Idan babu wannan, kowane taron sulhu rantsuwa ce da cin goro, baɗi a koma gidan jiya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gefen Komadugu da gonakin tattasai suka rufe, da tafkunan Tabalak da Madarunfa, da dallolan Boso da Mauri, duk wurare ne da manomi da masunci da makiyayi suke kallon ruwa guda.

Amsa ga masu shakka

Na san abin da dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, za su ce lakwal tana cinye yaro, ya tafi bai dawo ba, in ya dawo ma yana ƙyamar warin kashin shanu. Wannan ya faru a gidaje da yawa. Amma a duba irin karatun da aka tura yaran. Wanda ya karanci aikin ofis dole ofis zai nema, ofis kuma a birni yake. Shi wannan karatu wurin aikinsa shi ne inda garke ke cin rani. Yana daga cikin ƴan karatuttukan da ke mayar da yaro bakin tafki, kuma abin da ya koya yana bin maraƙi tun yana ɗan shekara bakwai zai zama jarinsa a gaban abokan karatunsa ƴan birni waɗanda ba su san roba daga gamba ba.

Na biyu, za su ce ai waɗannan mutane su ne masu shata gandun daji, su ne ƴan uwan ma'aikatan da ke kama mana shanu a bakin gandun W da na Waza suna cin mu tara. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. An daɗe ana koyar da cewa kare daji shi ne korar makiyayi. Amma su wa suka canza wannan ra'ayi a inda ya canza? Masu awo ne, kamar yadda muka gani a Yayre. Yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, wadda aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1987, ba ta haramta kiwo ba. Abin da ta nema shi ne a yi amfani da fadama da hankali yadda ba za ta lalace ba. Fadamar Waza-Lagon kanta ta shiga jerin Ramsar a 2006, shanu kuma suna cin rani a cikinta. Wanda ke rubuta tsarin kula da wuri shi ke faɗin ko kiwo yana cikin amfani da hankali ko ba ya ciki. In mun ƙaurace wa wannan kujera, wani zai zauna a kanta, kuma zai rubuta abin da ya sani.

Na uku, za su ce mu da muka gaji sanin fadama kaka da kakanni, wane yaro ne zai koya mana? Babu mai musun wannan. Garso ya san ciyawar da ke sa nono da wadda ke sa zawo, ya san daga launin ruwa ko bana za a sami toho. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce saninsa a cikinsa yake, ba ya shiga rahoto, ran da ya rasu kuma an binne shi tare da shi. Aikin yaron shi ne ya ɗauki sanin garso ya mai da shi lamba da taswira da Faransanci ko Turanci, irin harshen da masu yanke hukunci ke ji. A Chadi an ga yadda ƴar Mbororo, Hindu Umaru Ibrahim, wadda mahaifiyarta ta dage ta sa ta makaranta, ta tara dattawa da mata a Baibokum a 2012 suka zana taswirar ƙasarsu da mashayunta da hanyoyin shanu, har hukuma ta saurare su. Wannan ya isa ya nuna cewa ƴa mace ma ba a bar ta a baya ba a wannan aiki.

Na huɗu, maganar abinci. Ba zan ruɗe ku ba, wannan sana'a ba ta kai fataucin shanu kawo kuɗi ba. Guraben gwamnati kaɗan ne, aikin furoje kuma yakan ƙare da ƙarewar kuɗinsa, ga sauro, ga rashin tsaro a wurare irin su tafkin Chadi da Masina da ya hana masana shiga inda ya kamata su shiga. Saboda haka ban ce kowane gida ya tura kowane yaro ba. Na ce kowace zuriya, kowace kasuwa, ta sami mutum ɗaya ko biyu. Shari'ar filin kiwo guda da aka ci saboda akwai mai riƙe da taswira da awo ta biya kuɗin karatunsa har da riba.

Inda ake karatun da inda ake aikin

Hanyar a bayyane take. Yaro ya riƙe darussan kimiyya da lissafi tun daga kwaleji, ya bi sashen kimiyya a lise har ya ci bak. Daga nan akwai jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da sassanta na kimiyya da na aikin gona, akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, akwai jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 a gefen Komadugu kanta. Wanda bai kai jami'a ba akwai makarantar Kollo mai horar da ma'aikatan kiwo da na gandun daji da na gona, kuma mai awon fili na hannu yana da daraja kamar mai digiri. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana koyar da awon ruwa da na yanayi. A Kamaru akwai makarantar namun daji ta Garwa tun 1970, wadda ta horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka da yawa, da jami'ar Marwa da aka buɗe a 2008. A Najeriya akwai jami'ar Maiduguri da ta Bayero a Kano.

Wuraren aiki kuwa sun haɗa da ma'aikatun kiwo da na muhalli da na ruwa, da cibiyoyin bincike irin su INRAN a Nijar da IRAD a Kamaru, da hukumar tafkin Chadi da aka kafa a 1964 mai mazauni a Njamena, da hukumar kogin Kwara mai mazauni a Yamai, da ƙungiyoyi irin su IUCN da Wetlands International. Akwai kuma ofisoshi masu zaman kansu da ake ba kwangilar binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Madatsar Kandaji da aka fara ginawa a kan Kwara za ta sauya hawan ruwa da saukarsa har zuwa Gaya, kuma za a daɗe ana bukatar masu lura da abin da hakan zai yi wa burgu.

Abin da ya rage gare mu

A Nijar dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma kare hanyar isa ga ruwa. An sha wuya kafin a same ta. Amma doka burtali take buɗewa, ba ta zuba ruwa a tafkin da burtalin ya nufa. In aka wayi gari tafkin ya cike da rairayi ko kacalla ta shaƙe shi, takardar doka ba za ta shayar da ko ɗan akuya ba.

Don haka ga shawarata. Shugabannin ruga su duba cikin yaran da suka riga suka shiga lakwal, maza da mata, su zaɓi masu kan lissafi da son daji, su nuna musu wannan hanya tun suna kwaleji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fatake da dillalai su ne masu kuɗi a hannu, kuma su ne suka fi kowa sanin bambancin farashin sa da ya ci rani a fadama da wanda ya ci rani a tudu in an kai su Maigatari ko Potiskum ko Bogo a watan Mayu. Ɗan abin da za a ware a kan kowane kai ran kasuwa, a sa shi hannun amintattu, ya isa ya riƙe ɗalibi guda har ya gama. A yi sharaɗi da ɗalibin cewa duk hutu zai dawo mashekari, kuma binciken gama karatunsa a kan fadamar mutanensa zai yi shi. Idan kuma baƙon mai awo ya zo ruga da littafinsa, a bincika wanda ya aiko shi, in an gamsu a faɗa masa gaskiyar hanyar garke da watan shigarsa da na fitarsa, a kuma nemi a ga abin da ya rubuta kafin ya tafi da shi.

Kakanninmu sun tsare fadama da sanda da yarjejeniya da sarakunan ruwa. Mu a namu zamanin sai mun haɗa da ma'auni da alƙalami. Yaron da aka sa a wannan hanya bana ba zai gama ba sai bayan shekara goma ko fiye, masu gina madatsa kuwa ba za su jira shi ba, shi ya sa ya kamata a fara tun yanzu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu manoma da masunta.